Mai Askin da Ya Yi Karatu da Sunan Matarsa

Idan ka bi layin da ya ratsa bayan kasuwa, ka wuce mai faci da rumfar mai gawayi, za ka tarar da wani ɗan shago mai shuɗin ƙyaure. Kujera ɗaya ce a ciki mai juyawa, sai benci biyu, da madubin da ya tsage ta kusurwa, da rediyon da aka ɗaure wa baya da roba. A nan mutumin da ake kira Reza ya yi rayuwarsa. Ba don rezar hannunsa aka laƙa masa sunan ba, don ta bakinsa ce.

Gajere ne siriri, da ɗan gemu kamar na bunsuru. Duk wanda ya zauna a kujerarsa ya san abu biyu za a rage masa, suma da girman kai. Allah ya yi masa baiwar kwaikwayon murya, in ya ji mutum ya yi magana sau ɗaya to ya ɗauke shi ke nan. Baiwar nan ce ma ta raba shi da makarantar boko tun yana ƙarami. Wata rana ya laɓe a bayan taga ya ɗauki muryar hedimasta, ya ce a tashi, yau babu karatu. Makaranta ta watse kaf, har da malamai biyu da suka hau kekunansu suna murna. Washegari aka yi masa dukan da ya kwana a rubda ciki, mahaifinsa kuma, wanda shi ma aski yake yi a gindin bishiya, ya ce tun da bakin ne ya fi kan aiki, zo ka riƙe aska. Haka ya bar aji bai san komai ba sai a da b, su ma in aka juya su ba zai rantse ba.

Sai dai ba wanda ya san haka a layin. Reza ya sayi tabarau, ba don ya gani ba, don ya riƙa mantawa da shi a gida. In aka miƙo masa takarda sai ya shafa aljihu ya ce, "Kash, na baro idona a kan gado." In kuma an kama shi da tabarau a fuska, sai ya ce ai wannan na hangen nesa ne. Da safe yakan kasa kunne ga rediyo ya haddace labarai, in benci ya cika sai ya buɗe tsohuwar jarida ya riƙa zubo su yana girgiza kai. Matarsa ce kaɗai ta san gaskiya, ita kuwa mace ce mai zurfin ciki, ta fi son ta yi dariyarta a cikin ranta.

Abokinsa na ƙuruciya mahauci ne, ƙaton mutum mai kaurin wuya da ake kira Tozo. Kansa tal yake kamar ƙwai, amma duk mako sai ya zo ya cika kujera ya ce a yi masa aski. Reza yakan ce shi ba aski yake yi wa Tozo ba, farauta yake yi, in ya yi sa'a ya kamo gashi uku. Tun suna yara ba abin da ɗaya zai yi ɗayan bai ce ya fi shi ba. Sun yi gasar ninƙaya, sun yi ta gudu, da suka girma suka koma ta wanda 'ya'yansa suka fi kyau.

Wata shekara sai ga wata matashiyar malama ta shigo unguwar, wata ƙungiya ce ta turo ta. Ta bi gida gida tana cewa za ta buɗe ajin yaƙi da jahilci, amma ba benci ba allo, a cikin waya za a yi. Za ta haɗa ɗalibai a guruf ɗaya, wato zauren hira na waya, kullum da safe ta turo ɗan bidiyo tana rubutu tana bayani, kowa ya kalla lokacin da ya samu sarari, ya yi aikinsa a takarda, ya ɗauki hoto ya turo. Wanda ya fi kowa za ta manna masa tauraro. Ta nemi maza, ko ɗaya bai ba da lambarsa ba, kowa ya ce shi ai ya iya. Mata kuwa suka cika guruf.

Reza ya samu abin yi. Mako guda ba shi da zance sai makarantar da ba ƙararrawa ba bulala. Yakan ƙanƙance murya ya ce, "Malama, ba da wasali a, ba! Malama, a dakata mini, tukunyata na ƙonewa!" Benci ya kwashe da dariya.

Matarsa ma ta shiga, da wayar da babbar 'yarsu ta aiko mata daga inda take aure. Sana'arta sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, yini take tsakanin firiza da ƙofar gida. Ta yi 'yan makonni tana bi, sannan ta fara ja da baya.

"Ni fa b da d ɗin nan sun ishe ni," ta ce masa. "Wannan ya turo ciki gaba, wancan ya turo baya, kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji. Bari in ji da ƙanƙarata."

"Da ma na faɗa miki," in ji shi, ya ci gaba da cin abincinsa.

Da maganar ta mutu a nan, ba don Tozo ba. Ranar farautar gashi ya zo ya baje a kujera yana wani hura hanci.

"Ka ji labari kuwa? Uwar 'ya'yana ce ta ɗaya a ajin nan. Tauraro kan tauraro. Malama ta ce ba ta taɓa ganin kai irin nata ba." Ya kalli Reza ta madubi. "Ina taka? An ce ta gudu tun a b."

Benci ya yi shewa. Reza ya gama goge wa Tozo sanƙo da ƙarfin da ya wuce kima.

Washegari da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya tuna wani abu.

"Maman yara, kawo wayar nan in sa miki caji a shago. Wutar gidan nan ba ta da tabbas, a bar wa firiza."

Ta dube shi, ta dubi wayar, ta miƙa masa.

Da rana ta take, layi ya yi tsit, mai faci ya miƙe a kan tsohuwar taya yana minshari, Reza ya tura ƙyaure ɗaya ya zauna a kujerar masu aski. Danna saƙon murya ba baƙon abu ba ne a wurinsa, da shi yake gaisawa da 'yarsa. Ya ja sama har ya kai darasin farko. Niyyarsa ya kwafi zanen kawai ya tura, kamar yadda ake kwafar aski daga hoto. Sai ga hannun Malama a allon waya yana jan layi a hankali, muryarta tana cewa, "Wannan sanda ce, wannan kuma tulu ne a jikinta. Kada ki ji tsoronsu, ke kika fi su girma."

Ba shi da takarda, sai ya shafa kumfar sabulu a madubi ya riƙa rubutu da yatsa. In ya ji tafiya sai ya goge da tsumma ya kama fito. Da hannu ya ɗan faɗa, ya yage murfin kwalin reza, ya ari biro wurin mai gawayi, ya cika shi da haruffa, ya ɗauki hoto ya tura.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara. "Lale da dawowa, Mama!" in ji Malama. "Mun yi kewarki. Aikin ya yi, sai dai s ɗinki ya kwanta barci. A tashe shi tsaye."

"Ke ce dai kika kwanta barci," Reza ya ce wa wayar. "Yarinyar da aka haifa jiya." Amma ya ɗauki wani murfin kwalin ya tashi s tsaye.

Haka aka fara. Kullum da safe waya na buƙatar caji. Har ya kai ba sai ya tambaya ba, yana sa takalmi za ta miƙo ta, ta ce, "Ga ta, ta kusa mutuwa," alhali cike take fal. Shi kuwa sai ya tafi yana yaba wa kansa wayo. Kunnen da ya saba kama muryoyin mutane bai sha wahalar kama sautin haruffa ba. Ranar da tauraron farko ya faɗo a kan murfin kwalinsa, ya miƙe ya zagaya kujera sau biyu shi kaɗai. Da Tozo ya zo, bai bari ya gama zama ba.

"Ina labarin mai kan nan? Na ji an ce an sauko da ita."

"Tuntuɓe ne," in ji Tozo, fuska a murtuke. "Gobe ma rana ce."

Gasa ta kankama. Yau tauraro na gidan mai aski, gobe na gidan mahauci, sauran matan sai kallo. A kan hanya mata suna tare matar Reza suna yi mata barka da wannan ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sunkuyar da kai ta ce, "Yin Allah ne." Da labarin ya zo kunnensa sai ya yi ƙwafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Amma ba halin magana.

Wata rana Malama ta ce kowace ta rubuta abubuwa biyar da take gani kullum. Reza ya waiga hagu da dama ya rubuta aska, kai, gemu, sabulu, madubi.

"Madalla, Mama," in ji Malama, muryarta na ɗan rawa kamar mai danne tari. "Lallai gidanku akwai gemu."

Na matar Tozo ya shigo bayan nasa: wuƙa, nama, ƙashi, sikeli, ƙuda. Reza ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsaki. Baiwar Allah, ya ce a ransa, ko tunanin kanta ba ta da shi, sai na mijinta.

Aikin da ya biyo baya shi ne ya taɓa shi. Malama ta ce kowace ta leƙa waje ta nemo wani rubutu a kan layinsu, ta karanta, ta kwafo. Reza ya ce ai ba sai ya je nesa ba. A saman ƙofarsa akwai allon da wani mai zane ya rubuta masa tun yana sabon buɗe shago, mutumin da Reza ya taɓa aske wa rabin gashin baki don wasa. Abin da ya ce a rubuta, yana tune da shi sarai: aski mai kyau, hannu mai sanyi. Ya fito da benci ya taka, ya share ƙurar da tsumma, ya fara haɗa baƙi.

"As... ki. Aski. Da." Ya dakata. Wannan kalmar ba mai ba ce, ta gabanta kuma ba ta yi kama da kyau ba. "Gul... ma."

Ya sauko ya goge ido, ya sake hawa. Rubutun bai canza ba. ASKI DA GULMA. A ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe: GULMAR TA FI KYAU.

Ya daɗe a kan bencin. Mai zanen ya bar garin tun 'yarsa ta fari tana goye. Duk shekarun nan ke nan kowane ɗan makaranta da ya wuce yana karantawa, kowane baƙo, har surukansa ranar da suka zo neman auren 'yar. Ya je ya taɓa ƙafar mai faci.

"Wai ni kam, ya kake ganin allon nan nawa?"

Mai faci ya buɗe ido ɗaya. "Wane irin ya nake gani? Ai kai ne da ƙarfin hali. Mutum ya sa a rubuta gaskiyarsa a ƙofa, sai kai."

"Sai ni," in ji Reza.

Ya koma shago ya tura ƙyaure, dariya ta kama shi har ya riƙe ciki, har hawaye. Da ta lafa sai ya tarar hawayen bai tsaya tare da ita ba. Ya zauna yana kallon kansa a madubi. Bai sauke allon ba, kuma ba shi ya tura wa Malama ba, na mai gawayi ya kwafa. Amma daga ranar ya daina tsallake darasi don neman tauraro. In bai gane abu ba sai ya mayar da bidiyon baya, ya sake mayarwa. Ya karanta jikin kwalbar man gashi, ya karanta bayan motocin da ke wucewa. Tsohuwar jaridarsa ma ya gano ashe rabinta tallan taya ne.

Ana cikin haka Malama ta turo saƙon da ya dagula masa lissafi.

"'Yan uwa, na ga hannuwanku, yanzu muryoyinku nake son ji. Ga jimla nan na rubuta. Kowace ta karanta da bakinta ta turo. Wadda ta fi, ita ce gwarzuwar wannan zango."

Da yamma ya koma gida da fara'ar da ba a saba gani ba, har da taya matarsa ɗaure ledojin ruwa.

"Maman yara, ya kamata fa ki koma karatun nan. In kina so ma ni sai in ɗan... in samo wanda zai nuna miki. Jimla ɗaya ce tak."

"Wane karatu kuma, Malam? Ni tun da na bar ajin nan ban sake leƙawa ba."

"To ba kya jin mutane na yi miki barka?"

"Ina ji mana. Na ɗauka ta gyaran firiza ce." Ta ɗaga kai ta dube shi da idanu farare tas. "Ko akwai wani abu ne?"

"Babu," in ji shi da sauri. "Me zai kasance?"

A hanyar shago washegari ya yi wa kansa faɗa. Shi da ya tashi makaranta guda da murya, jimla ɗaya ce za ta gagare shi? Muryar matar nan kuwa ya fi shekara talatin yana kwaikwayonta a bayan idonta. Da rana ta yi ya tura ƙyaure, ya sha ruwa, ya gyara maƙogwaro. Ya danna alamar ɗaukar murya, ya lanƙwasa wuya kamar yadda take yi, ya karanta a hankali: "Na tafi kasuwa na sayo allura da zare." Har da ɗan jan numfashin da take yi a ƙarshen magana. Ko uwar da ta haife ta ba za ta musa ba.

Abin da bai lura ba shi ne, garin rawar jiki yatsansa ya zame sama, wayar ta kulle tana ci gaba da ɗauka. Ya ajiye ta a kan kantar shagon kusa da hoda, ya tafa hannu, ya ce da muryarsa ta gado, "Kai, Reza! Allah ya yi maka baiwa! Ita kanta ba ta kai ka iya muryarta ba. Tozo, yau sai ka ci ƙasa, kai da matar taka!"

Sai ga mai faci ya turo ƙyaure yana hamma. "A ɗan rage mini ƙeya. Da wa kake magana?"

"Da rediyo. Zauna." Ya yafa masa zane. Yana aski yana zuba, har zance ya biyo ta kan ajin mata, ya ce ai shi tausayin mazan da suka bar matansu suna ɓata data yake ji, ya ƙara da 'yar waƙarsa ta ba da wasali a. Da ya sallami mai faci ya ɗauki wayar, ya ga kibiyar turawa tana jiransa, ya ce au, ashe ban tura ba. Ya danna.

Bai gama wanke aska ba wayar ta fara ƙara. Ta sake. Ta ci gaba kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya duba ya ga fuskokin dariya suna zubowa, masu hawaye, masu birgima. Ya ce ko dai karatun ne ya burge su. Sai ya danna saƙon nasa ya kara a kunne. Da ya ji "Kai, Reza!" sai ya zauna a benci.

Kafin la'asar saƙon ya fita daga guruf ya shiga gari. Mata suka tura wa mazansu, maza suka tura wa abokai. Reza na jin muryarsa tana tashi daga rumfar mai gawayi, tana tashi daga wurin mai shayi, ana kaiwa ƙarshe a dawo farko. Masu wucewa suna leƙowa su ce, "Mama, an dawo daga kasuwar? Ina allurar?" Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya yi tunanin rufe shago, ya ga in ya rufe ta ina zai bi ya isa gida.

Sai ga Tozo, ko rigar aiki bai cire ba, da jama'a a bayansa. Ya tsaya a ƙofa ya toshe haske, yana dariya har tumbinsa na rawa.

"Ina Maman take? A fito mana da ita mu gaisa! Kai, tsufa bai yi maka rana ba. Namiji da gemunsa ya shige ajin mata ya saci tauraro! Ni da ni ne wallahi sai in bar garin."

Yana cikin faɗa wayar da ke kan kanta ta yi 'yar ƙararta ta shigowar saƙo. A daidai lokacin, irin wannan ƙarar sak ta fito daga aljihun Tozo. Kunnen Reza bai taɓa cin amanarsa ba. Ya ɗaga kai a hankali.

"Tozo, wayar wa ke kuka a aljihunka?"

"Tawa mana."

"Taka mai madannai ce, kukan zakara take yi. Fito da ita mu gani."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tozo ya fara ja da baya yana cewa ya bar nama a rana, amma jama'a sun rufe hanya. Mai faci ya zura hannu ya zaro waya mai riga ruwan hoda da furanni, gefenta duk maiƙo. Wuƙa, nama, ƙashi, sikeli, ƙuda suka dawo wa Reza lokaci guda. Ya miƙe tsaye.

"Matar mahauci!" ya ce, ya buɗe hannuwa. "'Yar ajinmu! Shigo daga ciki, ai ba a bar ki a tsaye ba!"

Aka yi dariyar da har mai gawayi ya zauna a ƙasa. Wani ya ce a kunna saƙon da ya shigo, aka kunna. Malama ce.

"Baba mai aski, Baba mahauci, ina gaishe ku da ƙoƙari. Tun ranar gemu da wuƙa na gane ku, da na tambayi iyayena mata kuma suka ce in rufa muku asiri, kada in kore ku. Baba mai aski, karatunka ya yi, ba gyara. Baba mahauci, kai nake jira, kuma don Allah da muryarka."

Reza ya isa gida yana jan ƙafa. Ya tarar da matarsa zaune a kan kujera 'yar tsugune, da takarda a hannu. Ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Ta ɗaga takardar ta karanta, tana bin ta da yatsa: "Na tafi kasuwa na sayo allura ba... da zare." Ashe ita da matar Tozo, da mazan sun fita da wayoyi, sai su haɗu a gidan maƙwabciya su bi darasi a tata wayar, su sha dariyarsu.

"Amma Malam," ta ce tana ninke takardar, "haka nake jan numfashi? Kamar tsohuwar akuya?"

"Haka kike yi," in ji shi. "Shi na fi so ma."

"Tafi can. Ruwan wanka na bayi."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Washegari Reza ya buɗe shago da wuri, duk wanda ya leƙo don tsokana sai ya riga shi, ya tare shi da muryar matarsa yana tambayar ya yara. Da ba a samu inda za a soka ba, tsokanar ta gaji ta kwanta, sai dai sunan Mama ya bi shi har tsufa. Ya sayi wayarsa ta kansa, saƙon farko da ya tura wa Malama kuwa da hannunsa ya rubuta: a bude na maza. Ta amsa cewa an buɗe, amma d ɗinsa na son ƙugiya.

Shi ta naɗa monita, ta kuwa haɗu da aiki. Mazan da suka ce sun iya, ɗaya bayan ɗaya suka riƙa raɓowa suna ba shi lamba a asirce, kowa na cewa don ƙaninsa yake karɓa. Reza ya san ƙaryar tabarau ciki da waje, don haka ba wanda ya isa ya yi masa ita. Dabararsa ɗaya ce. In ɗan aji ya zauna a kujera, sai ya aske masa rabin kai tas, ya ajiye aska, ya ɗauko waya.

"Malama ta ce ba ta ga aikinka ba."

"Sabis ne babu, wallahi."

"To ga sabis nan ya dawo. Karanta mini layin nan in ƙarasa."

An sha ganin magidanci ya fito daga shagon da hula har kunne a tsakiyar zafi, ya dawo bayan la'asar da takarda a hannu. Mai faci ya yini biyu da rabin kai kafin ya sallama.

Da shekaru suka tura, ciwon ƙafa ya zaunar da Tozo a gida, farautar gashi ta koma sai Reza ya ɗauki jakarsa ya bi shi. Sauran ranakun kuwa a guruf suke haɗuwa. Ajinsu ya gama tuni, wasu sun shigo, amma su biyun suka ƙi fita, Malama kuma ta gaji da roƙo ta ƙyale su. Kullum da safe kafin ta turo darasi sai sun gaisa irin tasu, a rubuce, kowa na gani. Wata safiya Reza ya tura: ina kwana katon banza. Tozo bai kai ga amsawa ba Malama ta shigo.

"Baba," ta rubuta, "na hana zagi a aji. Amma in ya zama dole, ƙato da ƙugiya ake rubuta shi. A sake."

Reza ya gyara tabarau, wanda yanzu na gaske ne, ya sake rubutawa.